Otto Warburg: Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana auna numfashin ƙwayoyin jiki

Idan kana cikin wani guruf na WhatsApp na dangi, da wuya a ce ba ka taɓa cin karo da saƙon nan ba. Hoton wani tsohon Bature ne sanye da farar riga, a ƙasa an rubuta cewa shi ne ya gano ainihin abin da ke kawo ciwon daji, wai har aka ba shi lambar yabo ta Nobel a kan haka, amma kamfanonin magani suka danne maganar. Daga nan sai shawara ta biyo baya: ka sha ruwan lemon tsami da safe, ka riƙa jan numfashi mai zurfi, kansa ba za ta kusance ka ba.

Ni kaina an turo min shi ya fi sau uku. A karo na ƙarshe ne na ce bari in bincika ko mutumin ma ya taɓa wanzuwa. Ashe kuwa ya wanzu, kuma Nobel ɗin gaskiya ce. Sai dai ba a kan kansa aka ba shi ba. Labarinsa na gaskiya kuma ya fi na saƙon nan daɗi nesa ba kusa ba. Sunansa Otto Heinrich Warburg.

Ɗan gidan boko

An haife shi ranar 8 ga Oktoba, 1883, a garin Freiburg da ke kudancin Jamus. Mahaifinsa, Emil Warburg, babban farfesan kimiyyar fiziks ne, wanda asalinsa daga zuriyar Yahudawa yake amma ya koma Kirista. Mahaifiyarsa Elisabeth ’yar gidan Kiristoci ce. Ku riƙe wannan batu na asali, don zai dawo a gaba.

Otto yana ɗan shekara 12 ko kusa da haka iyalin suka koma Berlin, inda mahaifin ya samu kujerar farfesa. Gidansu ya zama majalisar manyan masana. Irin su Max Planck da Walther Nernst, daga baya har da Albert Einstein, duk abokan hulɗar mahaifinsa ne. Ka ga kuwa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ya karanta kimiyyar sinadarai a hannun Emil Fischer, wanda shi ma ya ci Nobel, ya samu digirin digirgir a 1906. Bai tsaya nan ba, ya wuce Heidelberg ya karanta likitanci, ya gama a 1911. Amma ba duba marasa lafiya ne a ransa ba. Tambayar da ta dame shi ita ce: iskar oksijin da muke shaƙa, idan ta isa can cikin ƙwayoyin jiki, me take yi a can?

Mu ɗan tsaya a nan. Jikinka tarin ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani sai da madubin likita. Kowace ƙwaya tana buƙatar makamashi. Tana samun sa ne ta hanyar ƙona sukarin da ya fito daga abincin da ka ci, kuma da oksijin ake wannan ƙonawar. Wato numfashin gaske ba a huhu yake ƙarewa ba. Huhu ɗan aike ne kawai, jini kuma direba. A cikin ƙwaya ake cin moriyar.

Ƙwan bushiyar teku

Daga 1908 Warburg ya fara zuwa wata cibiyar binciken halittun ruwa a birnin Naples na Italiya. A can ya yi aiki a kan ƙwayayen wata halittar teku mai ƙayoyi kamar bushiya. Ya auna yawan oksijin da ƙwan ke sha kafin maniyyi ya shige shi da kuma bayan ya shiga. Sai ya ga da zarar an samu haɗuwa, shan oksijin ya ninka kusan sau 6.

Wannan ya dasa masa wani tunani: duk abin da zai girma da sauri, dole ya ƙara shan iska. To ciwon daji ai girma ne da ya ƙi tsayawa. Don haka ya yi zaton idan ya auna ƙwayoyin kansa, zai tarar suna zuƙar oksijin kamar ba gobe. Kafin ya kai ga gwada wannan zato, yaƙi ya ɓarke.

Wasiƙar Einstein

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya fara a 1914, Warburg ya ajiye kwalabe ya shiga rundunar sojan doki. Dama mutum ne mai son dawaki, son da bai rabu da shi ba har tsufansa. Ya zama hafsa, an ji masa rauni a fagen daga, an kuma ba shi lambar jarumta. A 1918, yaƙi na dab da ƙarewa, Einstein ya rubuta masa wasiƙa yana roƙonsa ya bar soja ya dawo bincike, domin asara ce babba a rasa mai irin baiwarsa a bakin bindiga. Warburg ya ji shawara, ya dawo Berlin, ya kama aiki a Cibiyar Kaiser Wilhelm da ke unguwar Dahlem. In ban da ’yan shekarun da yaƙi na biyu da abin da ya biyo bayansa suka raba shi da wurin, a wannan unguwa ya yi sauran rayuwarsa.

Na’urar da ta ɗauki sunansa

A nan ne gwanintarsa ta fito. Ta yaya za ka auna numfashin abin da ba shi da hanci?

Ya ɗauki wata na’urar auna matsin iska da Turawan Birtaniya, Barcroft da Haldane, suka yi amfani da ita wajen binciken jini, ya gyara ta. Ga yadda take aiki. Za a sa ɗan yankin nama mai rai a cikin wata ƙaramar kwalba da ruwan gishiri da sukari, a toshe. Kwalbar tana haɗe da wani siririn bututun gilashi mai lanƙwasa, da ruwa mai launi a ciki. A tsakiyar kwalbar akwai ɗan ƙaramin gurbi da ake zuba wani sinadari mai shanye iskar kabon dayoksaid da naman ke fitarwa. Sai a tsoma kwalbar a ruwa mai ɗumin jikin mutum, ana girgiza ta. Yayin da naman ke shan oksijin, iskar cikin kwalbar na raguwa, ruwan bututun yana motsawa. Da ma’aunin da ke jikin bututun za ka karanta adadin da aka sha. Shekaru da dama, da wuya ka shiga ɗakin binciken sinadaran jiki a duniya ba ka ga jerin waɗannan kwalabe suna rawa a cikin ruwa ba.

Amma akwai wata matsala da ya hango, kuma ita ce har yau take ba masu bincike ciwon kai. A cikin jiki, jijiyoyin jini ne ke kai oksijin har ƙofar kowace ƙwaya. Da zarar ka yanko nama, ka yanke wannan hanya. Oksijin sai dai ya ratsa da kansa daga waje, kuma ba ya iya nisa. Idan yankin ya yi kauri, ƙwayoyin waje za su sha iska, na tsakiya su shaƙe, kai kuma ka zauna kana rubuta sakamakon ƙarya ba ka sani ba. Warburg ya zauna ya yi lissafin iyakar kaurin da ya kamata, ya riƙa yanka nama da reza siriri ƙwarai, ƙasa da rabin milimita, yadda iska za ta ratsa ko’ina.

Abin da ya gani a jikin kansa

Wajen 1923 ya sa yankan kumburin kansa na ɓeraye a cikin kwalabensa. Zatonsa bai tabbata ba. Ƙwayoyin ba su ninka shan oksijin yadda ƙwan bushiyar teku ya yi ba. Abin da suka yi ya fi haka ban mamaki: suna lamushe sukari da yawan gaske, suna mayar da shi wani sinadari mai tsami da ake kira laktik. Shi ne dai wanda ke sa madara ta koma nono mai tsami.

Ƙwayoyi masu lafiya ma sukan bi wannan hanya, amma galibi sai iska ta yi musu ƙaranci, kamar tsokar ɗan ƙwallo a lokacin da ya kwasa da gudu. Hanya ce ta maleji. Ƙwayar sukari ɗaya, idan aka ƙona ta da oksijin, tana ba da kusan ma’auni 30 na makamashi. Idan aka bi ta hanyar tsami, 2 kacal ake samu. To su ƙwayoyin kansa, ga oksijin a gabansu, amma sai suna tafka wannan hanya ta asara. Kamar mutumin da aka kawo wa wuta amma ya ƙi kashe janareto. Wannan ɗabi’a ita ce yau masana ke kira da sunansa, tasirin Warburg.

To Nobel ɗin fa?

A daidai waɗannan shekaru yana bin wata tambayar: wane abu ne a cikin ƙwaya yake kama oksijin ya sa shi aiki? Ya yi imanin abu ne mai ɗauke da ƙarfe. Don ya tabbatar, ya yi amfani da iskar kabon monoksaid, gubar nan da ke cikin hayaƙin janareto wadda ke kashe mutane a ɗaki a rufe. Ya ga tana tsayar da numfashin ƙwayoyi, amma idan aka haska musu fitila numfashin ya dawo. Sai ya riƙa canza launin hasken yana auna wanne ya fi dawo da numfashin. Ta haka ya gano siffar wannan sinadari ba tare da ya taɓa ware shi ya riƙe a hannu ba, ya nuna ɗan uwan sinadarin nan ne da ke sa jini ja.

A kan wannan aiki aka ba shi Nobel ta fannin likitanci a 1931. Babu maganar kansa a cikin dalilin. Akwai kuma jita-jitar cewa ya sake cin ta a 1944 Hitler ya hana shi karɓa. An dai gabatar da sunansa, amma ba a zaɓe shi ba.

A 1931 ɗin ne kuma ya zama shugaban cibiyarsa ta kansa, wadda Gidauniyar Rockefeller ta Amurka ta ba da kuɗin ginawa. A can shi da abokin aikinsa Walter Christian suka gano rawar da wasu sinadarai masu alaƙa da bitamin B ke takawa a numfashin ƙwaya. Cikin waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa akwai Hans Krebs, wanda ya ci Nobel a 1953, da Hugo Theorell, wanda ya ci a 1955. Duk ɗalibin kimiyya da ya sha wahalar haddace zagayen Krebs a sakandare, to ga malamin Krebs ɗin.

Sai dai mutumin ba shi da sauƙi ko kaɗan. Ba ya son koyarwa, ba ya son taro, ba ya son ’yan jarida. Ya fi son ɗaukar ƙwararrun masu aikin hannu ya horar da su da kansa maimakon masu manyan digiri da za su yi masa gardama. Bai taɓa aure ba. Wani mutum mai suna Jacob Heiss ne ya zauna tare da shi fiye da shekara 50, yana kula da gidansa da harkokinsa.

Zama a ƙarƙashin Hitler

’Yan Nazi sun hau mulki a 1933, suka fara korar Yahudawa daga jami’o’i. Krebs na cikin waɗanda aka kora, ya tsere Ingila. Dokokin 1935 sun sa Warburg a sahun rabin Bayahude saboda mahaifinsa. Duk da haka ya ƙi tafiya. A 1941 an tsige shi daga muƙaminsa, amma cikin ’yan makonni umarni ya fito daga fadar Hitler aka mayar da shi. Masana tarihi da dama na ganin binciken kansa ne ya cece shi, domin Hitler na matuƙar tsoron cutar, ita ce ta kashe mahaifiyarsa a 1907.

Wannan zama ya bar masa tabo. Ba ɗan Nazi ba ne, kuma an san yana raina su. Amma ya ci gaba da aikinsa cikin kwanciyar hankali a lokacin da ake kwashe mutane masu irin asalinsa zuwa sansanonin kisa. Bayan yaƙi, abokan aiki da yawa a waje ba su yafe masa ba. A 1943 ruwan bama-bamai ya sa aka kwashe ɗakin bincikensa zuwa wajen Berlin, a 1945 kuma sojojin Tarayyar Sobiyet suka kwashe kayan aikin. Sai a farkon shekarun 1950 ya sake tsayawa da ƙafarsa a Dahlem.

Inda gwani ya zame

Ruwa dai gwani yake ci. Abin da Warburg ya auna daidai ne, fassarar da ya yi masa ce ta zarce. Ya kafe cewa lalacewar numfashin ƙwaya ita ce tushen kansa, sauran dalilai duk rassa ne. Ya rubuta haka a mujallar Science a 1956, ya maimaita a taron masu Nobel a garin Lindau a 1966. Tun a 1956 wani masani Ba’amurke, Sidney Weinhouse, ya nuna cewa ƙwayoyin kansa da yawa suna numfashi lafiya lau, tsamin ƙari ne kawai suke yi a kai. Warburg ya yi kunnen uwar shegu.

Haka ya yi a wata gardamar kan yadda tsirrai ke sarrafa hasken rana. Ya ce ɗigon haske 4 ya isa a samar da ƙwayar oksijin ɗaya, Robert Emerson na Jami’ar Illinois ya ce sai 8 zuwa sama. Har Amurka Warburg ya je a 1948 don a warware, aka rabu baram-baram. Emerson ne ke da gaskiya, amma Warburg bai taɓa janyewa ba.

Da tsufa ya zo, tsoron kansa ya kama shi sosai, har ya riƙa gudun abincin da aka sa wa sinadarai, yana cin abin da aka noma masa a lambunsa. Ya karye a cinya a 1968, ya rasu ranar 1 ga Agusta, 1970, yana da shekara 86, yana kan shugabancin cibiyarsa. Cikin shekarun da suka biyo baya aka gano cewa tushen kansa yana cikin sauye-sauyen ƙwayoyin gado, kuma waɗannan sauye-sauye ne ma ke juya ƙwaya ta koma zarin sukari. Aka ajiye maganar Warburg a gefe tsawon lokaci.

Dawowarsa

Amma ba a binne shi da aikinsa ba. Na’urar hoton nan ta PET da ake neman inda kansa ta yaɗu da ita, a kan abin da ya gano take aiki: ana yi wa mutum allurar wani nau’in sukari mai alama, inda kumburin yake sai ya fi ko’ina zuƙa, ya haska a hoto.

Matsalar nan kuma ta yankan nama ta dawo da sabon salo. Yau masu bincike suna renon ƙwayoyin mutum a cikin faranti, a ƙarƙashin wani ruwa mai abinci, a cikin akwatin reno mai ɗumin digiri 37, da kabon dayoksaid kashi 5 cikin 100. Iskar da muke shaƙa tana da oksijin kusan kashi 21. A cikin akwatin, saboda danshi da kabon ɗin, yakan sauka zuwa wajen kashi 18 da rabi. Nan gizo ke saƙa: yawancin sassan jikinmu ba su taɓa ganin wannan adadi ba. Jinin da ya fito daga huhu ma wajen kashi 13 yake, can cikin gaɓoɓi kuma galibi tsakanin kashi 2 ne zuwa 9. Wato shekara da shekaru ana renon ƙwayoyi a cikin iskar da ta yi musu yawa ana kiran ta daidai. Yawan oksijin yana haifar da sinadarai masu illa ga ƙwayoyin gado. Tun 1977 wasu masana biyu, Packer da Fuehr, suka nuna ƙwayoyin mutum sun fi daɗewa suna hayayyafa idan aka rage musu shi.

Ga kuma ɗaya gefen. Oksijin ba ya narkewa sosai a ruwa, kuma a hankali yake ratsawa. Idan ƙwayoyi suka cika faranti, ruwan da ke kansu ya yi zurfi, za su iya shanye wanda ke kusa da su fiye da yadda sabo ke isowa. Allon akwati na nuna komai lafiya, su kuwa a ƙasa suna shaƙewa. Lissafin da Warburg ya yi da rezarsa ke nan.

Shi ya sa yanzu ake da akwatunan da ke tura iskar naitirojin don rage oksijin zuwa adadin da ake so, da wasu rufaffun akwatuna masu safar hannu a jiki, yadda za a yi aiki ba tare da iskar ɗaki ta shiga ba, domin buɗe ƙofa na ɗan lokaci ma yana ɓata lissafi. Ana kula da zurfin ruwan, ana auna iskar a daidai inda ƙwayoyin suke. Cibiyoyin dashen ciki da yawa a kashi 5 suke renon ɗan tayi kafin a mayar da shi mahaifa. A 2019 kuma aka ba William Kaelin da Peter Ratcliffe da Gregg Semenza Nobel saboda gano yadda ƙwaya ke gane iska ta ragu ta sauya halinta. Kwamitin da ya ba su ya ambaci aikin Warburg a matsayin ɗaya daga cikin tubalan farko.

Mu koma kan saƙon

Yanzu ka sake duba saƙon nan. Nobel ɗinsa ba ta kansa ba ce. Tsamin da ke kewaye da kumburi, kumburin ne ke samar da shi, ba shi ya kawo kumburin ba. Jini kuma yana riƙe ma’aunin tsaminsa tsakanin 7.35 da 7.45, huhu da ƙoda ne ke gadinsa, kofin lemon tsami ba ya gusar da shi. Jan numfashi ma ba zai ƙara wani abin kirki ba, don jinin mai lafiya dama a cike yake da oksijin.

Hatsarin ba a lemon tsamin yake ba. Yana wajen matar da ta ji ƙullutu a ƙirjinta, ta karanta saƙon, ta zauna a gida wata shida tana jiƙe-jiƙe, sai abu ya yi nisa sannan a kwashe ta zuwa asibiti. Wanda ya tura mata kuwa da kyakkyawar niyya ya tura.

Warburg ya yi girman kai, ya yi taurin kai, ya kuma yi kuskure a babbar maganar da ya fi so. Amma ko masu sukarsa sun yarda cewa abin da ya gani a kwalabensa yana nan. Mutumin da ya yi shekara 60 yana bin ɗigon ruwa a bututu don kada ya rubuta lambar da ba ita ba, bai cancanci a riƙa yawo da hotonsa a kan maganar da ba a auna ba. Idan saƙon ya sake shigowa guruf ɗinku, kada ka yi faɗa da kawu ko gwaggo. Ka ba su labarin mutumin kawai, sannan ka ce duk wanda ya ji wani abu a jikinsa ya je a duba shi da wuri.